Hatimin da Ya Raba Baffa da Amininsa

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Baffa ya riga mu tafiya. Da damina aka kai shi makwanci, ana yayyafi, kogin Haɗeja ya cika yana lasar gonakin bayan gari. Ni da ya riƙa tun ina ƙarama, bayan rasuwar mahaifina wanda ƙaninsa ne, ina cikin mata a tsakar gida ina amsa gaisuwa. Idona a ƙasa yake, amma kunnena bai bar komai ya wuce ba.

Wata tsohuwa daga wajen Guri ta shigo, zaninta a jiƙe har gwiwa don da kwale-kwale suka tsallako. Ta durƙusa gaban Inna, matar Baffa, ta ce, "Allah ya jiƙan Malam. Allah ya yafe masa ruwan nan da ya hana mu." Wallahi na yunƙura zan tashi. Gwaggo, ƙanwar Baffa, ce ta danne mini cinya ta ce a hankali, "Ke, gidan mutuwa ne fa." Inna kuwa ta ce amin, kamar addu'ar alheri zalla aka yi wa mijinta.

A ƙofar gida, in ji Yaya, babban ɗan Baffa, mutanen ofis sun zo cikin motar ofis, Manaja a gaba. Shi ya fi kowa jan addu'a, har yana share ido da hannun riga, yana cewa ofis ya yi rashin ginshiƙi. Da Yaya ya shigo ya faɗa mini, sai da na zaga bayan ɗaki na tofar da yawu. Wani dattijo masunci kuma ya ce, "Mutum ne da ba ya ƙarya, sai dai gaskiyarsa ta taɓa cin wani." Shi kaɗai ne ya kusa faɗin abin yadda yake.

Kowa da guntun labarinsa ya zo, kuma na ga alamar da guntayen nan za a binne Baffa karo na biyu. Shi ya sa na ɗauki biro. Ni malamar firamare ce, an kuma san ni da zafin kai. Wanda maganata ta taka, ya yi haƙuri ko kada ya yi.

Baffa ma'aikacin ofishin rabon ruwa ne. Da rani, idan aka sako ruwa daga madatsar ruwa da ke can sama, akwai wata ƙofar ruwa can wajen Auyo inda hanya ta rabu biyu: ɗaya ta nufi manyan gonakin alkama na masu hannu da shuni, ɗaya ta gangara fadamun talakawa har wajen Guri. Mai gadin ƙofar ba ya buɗewa, ba ya rufewa, sai da umarni daga Haɗeja, kuma Baffa ne mai sa hannu a umarnin. Aikinsa ke nan. Ba babban muƙami ba ne, amma duk wanda ya taɓa ganin tattasai na yaushi a fadama ya san nauyinsa.

Ba ya cin abin mutum. Na tuna shekarar da surukin Yaya, mai gonar alkama, ya aiko mana da rago ba Sallah ba, ba suna ba. Baffa ya dawo ya tarar da shi ɗaure a gindin darbejiya, ya tambayi na wane ne, aka faɗa masa. Ko rigarsa bai cire ba. Ya ɗaure ragon a bayan babur, ya bi ta tsakiyar kasuwa da rana tsaka, rago na kuka, yara na bin su da ihu, har ƙofar gidan mutumin. Inna ta yi kwana da kwanaki ba ta iya haɗa ido da matan gidan. Ta ce masa, "Malam, ko mayarwa za ka yi, ai sai ka bari duhu ya yi." Ya ce, "Da duhu ya zo?"

Amma kada a ɗauka mutum ne mai ɗaure fuska. Shekarar da ambaliya ta ci rugar wasu makiyaya, shi ya kwaso matansu da yaransu ya zuba mana su a zaure, da 'yan maruƙansu duka, muka yi ta kwana da warin kashin shanu har ruwa ya janye. Kuma yana da wani rauni da duk gidan muka sani: son sabon abu. Shi ya fara sayen agogon hannu mai lambobi a unguwarmu, wanda ya yi ta ƙara a sahun sallar Juma'a har liman ya aiko masa da saƙo. Ya sayi na'urar lissafi mai aiki da hasken rana, ya zaunar da mu yana ba mu lissafi don kawai ya nuna mana ta riga mu. Yakan ce, "Mutum yana da ciki, inji ba shi da shi."

Sai Kawu. Ba jininmu ba ne, ba ma addininmu ɗaya ba. Mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, aka turo shi Haɗeja a matsayin akawu mai buga tafireta tun muna cikin jihar Kano. Ya sauka a tasha da akwatin ƙarfe bai san kowa ba, Baffa ya kawo shi ɗakin zaurenmu ya zauna har ya sami gida ya ɗauko iyalinsa. Tun daga nan Baffa ya ce mu riƙa kiransa Kawu, matarsa kuma Mama. Ran Lahadi Kawu ne ke hawa babur ɗin Baffa zuwa coci. Ran Juma'a Kawu ne ke tsare ofis. 'Ya'yansa a Haɗeja aka haife su, Hausarsu irin tamu ce, babbar 'yarsa kuwa tare muka yi makaranta, tare muka sha dukan malamai.

Tsokanar juna suke yi kamar yara. Baffa ya ce, "Akawu, shekara nawa kana cin kifin Haɗeja, har yau Hausarka ba ta miƙe ba." Kawu ya ce, "Malam, ni dai Hausata tana kai saƙo. Kai in ka zauna gaban tafireta sai ka ce kaza na tsattsagar tsaba." Su yi ta dariya, Inna na jiyo su daga madafi tana cewa Allah ya shirya tsofaffin nan.

Abin da ke ci wa Baffa tuwo a ƙwarya a shekarun nan shi ne sa hannun jabu. Takarda ce ake ba ɗan babur ya kai wa mai gadin ƙofa, kuma sau da yawa takardar da ta isa ba ita ce ta tashi ba. Akwai masu iya kwaikwayon hannun Baffa har shi kansa sai ya ƙura ido. Ya canza biro, ya sa aka sassaƙa masa hatimin roba, ba a yi wata biyu ba aka sassaƙa irinsa a Kano. Don haka ranar da wasu Turawa masu tallafa wa aikin suka kawo kwamfutoci, 'yan shekaru bayan an ba mu jihar Jigawa, Baffa ya dawo gida kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Ya zaunar da mu ya yi mana bayani, ni da Inna da Gwaggo. Kwamfuta ɗaya tana ofishinsu, ɗaya tana wajen ƙofar ruwa, wasu suna hedkwata. Za a rubuta umarni a cikin kwamfuta, ita kuma ta kulle shi yadda ko an tare ɗan babur a hanya ba mai iya karantawa, balle ya canza. Sannan ta buga masa hatimi. Hatimin ba na roba ba ne, ba na tawada ba, wasu lambobi ne masu tsawo da injin ya ƙirƙira wa Baffa shi kaɗai, aka zuba su a wani ɗan faifai baƙi mai kusurwa huɗu. In saƙo ya isa, kwamfutar can za ta duba ta ce hatimin na gaskiya ne ko na ƙarya. Baturen da ya koya musu ya ce ko duk mutanen duniya za su taru suna lissafi, ba za su iya ƙago irin hatimin wani ba.

"To kun ji," in ji Baffa. "Wannan ba shi da suruki, ba ya cin goro, ba a aika masa rago."

Gwaggo ta ce, "Allah ya sa alheri." Ya ce, "Ai ya riga ya sa."

Ya kai faifan wajen baduku aka ɗinka masa gidan fata, ya rataya a wuya cikin riga kamar laya. Da shi yake kwana. In zai shiga wanka, a ƙusar ƙofar banɗaki yake rataye shi inda idonsa ke kai. Kawu ne ke kunna janareto da safe ya kunna injin ya buga saƙo, Baffa ya ciro faifai ya saka, ya danna kalmarsa ta sirri da yatsa ɗaya. Shekara ta zagayo ba a sami umarnin jabu ko ɗaya ba. Abu ɗaya ne kawai suke yi wa dariya: kullum aka kunna kwamfutar, rana ɗaya take nunawa, wata tsohuwar rana da ta wuce tun tuni, ƙarfe goma sha biyu daidai. Kawu yakan ce agogon nan ya fi Malam taurin kai, sai ya gyara kwanan wata da hannu ya ci gaba da aiki. Ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai.

Ana nan sai ciwon ƙaba ya kwantar da Baffa, aka ce sai an yi masa aiki a Kano. Da safen da za mu tafi, Kawu ya zo raka mu tasha. Baffa ya ciro layar nan daga wuyansa ya rataya wa Kawu, ya ce, "Akawu, riƙe mini. In ban dawo ba ka mayar wa ofis." Inna ta taɓe baki ta ce, "Ni da na haifa maka 'ya'ya ba ka ba ni ba." Ya ce, "Ke za ki ajiye shi kusa da murhu." Aka yi aiki lafiya, muka dawo, Kawu ya mayar masa da abinsa tun kafin ya zauna.

Ranin da ya biyo baya ne abin ya faru. Ruwa ya daina gangarawa fadamun Guri. Da farko mutane sun zaci daga sama ne ba a sako ba, suka yi ta haƙuri suna jan ɗan abin da ya rage a kududdufai. Kafin su gane, su haɗa wakilai su zo Haɗeja, tattasai ya ƙone a tsaye, shinkafar rani ta zama ciyawa, kifi ya mutu a tafkuna har wari ya hana mutane zama, makiyaya sun kora shanunsu gaba. Ni da idona na ga wakilan a ƙofar gidanmu, tsofaffi, wani riƙe da busasshen itacen tattasai ya kawo wa Baffa ya gani.

Baffa ya hau babur a fusace ya nufi ƙofar ruwa, niyyarsa ya ci mutuncin mai gadi. Mai gadi ya kunna masa kwamfuta ya nuna masa umarni: a rufe hanyar Guri, a juya ruwa gonakin alkama sai an ji sabon saƙo. A ƙasa injin ya rubuta cewa hatimin na gaskiya ne, kuma na Baffa ne.

Aka kafa kwamiti, Manaja ne shugaba. Baffa ya rantse da Alƙur'ani bai aika ba, kuma sun san shi, sun yarda. Sai suka yi masa tambaya: in ba kai ba ne, wa ya taɓa riƙe faifan, wa kuma yake ganin yatsanka in kana danna kalmar sirri? Suka ba shi zuwa washegari.

Bayan la'asar ya kira ni zaure ya faɗa mini, don a lokacin na girma, ina koyarwa, yakan yi shawara da ni. Na ce, "Baffa, Kawu ne fa!"

Ya ce, "Na sani."

Na ce, "To ka ce musu injin ne ya yi kuskure."

Ya ce, "Lissafi ba ya kuskure. Baturen nan ya nuna mana. Hatimin nan a duniya wuri ɗaya yake, ga shi a wuyana, kuma mutum ɗaya ne ya taɓa riƙe shi ban da ni. Faifai ana iya kwafarsa."

Ranar na ɗaga wa Baffa murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce mutumin da ya yi jinyar Inna da kuɗin aljihunsa lokacin da kake rangadi, shi za ka miƙa saboda maganar inji? Na ce ka taɓa ganin Kawu da ko sabon takalmi? Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Kin gama? Ni ma na so a ce ƙarya ne." Idonsa ya yi ja. Na fita na bar shi, ban kai masa abincin dare ba.

Washegari ya faɗa musu. Ba a yi mako ba aka sallami Kawu, ba fansho, ba komai.

Kawu ya zo gidanmu sau ɗaya bayan haka. Ya yi sallama a zauren da ya taɓa kwana a ciki, bai shiga ba sai da aka ce ya shigo. Ina bayan ƙofa ina ji.

Ya ce, "Malam, dube ni."

Baffa ya ce, "Ban ce kai ne ba. An tambaye ni wa ya taɓa riƙe faifan, na faɗa."

"Na ji wannan. A ranka fa?"

Kawu ya ɗan jira, sannan ya sa takalmansa ya tafi.

Zaman Haɗeja ya gagare su. A kasuwa ana nuna Mama da baki, wasu na cewa dama baƙo ba ya tausayin gonar da ba ta ubansa ba. Ƙawata, babbar 'yarsu, ta daina fita. Ranar da suka loda kaya a babbar mota, Inna ta saka mayafi ba ta nemi izini ba, ta ɗauki ƙwaryar bandar kifi da kuka da daddawa, muka je. Ita da Mama suka rungume juna suna kuka a bakin titi. Baffa yana ɗaki, ya ce kansa ke ciwo.

Kuma kada a zaci shi ya tsira. Mutanen Guri ba su taɓa yarda wani akawu ne ya hana su ruwa ba. A wajensu Malam ne ya sayar, ya kuma laƙa wa baƙo. Masu kawo mana gaisuwa da kaka suka ɗauke ƙafa. Ya daina bi ta kasuwar kifi. Dariyar zaure ta mutu, ya koma daga ofis sai masallaci sai ɗaki. Amma layar tana wuyansa, kuma ko sau ɗaya ban ji ya zargi injin ba. Ya canza kalmar sirri, ya koyi buga saƙo da kansa da yatsa ɗaya, ba ya barin kowa ya tsaya a bayansa.

Gaskiya ta fito ne ta inda ba a zata ba. Da shekarar dubu biyu ta gabato, aka yi ta jita-jitar cewa agogon kwamfutoci zai rikice, sai hedkwata ta turo wata injiniya daga Kano ta duba na ofisoshinsu. Ta kunna ta Baffa, ta ga ranar da take nunawa, ta tambaya tun yaushe take haka. Ya ce tun ranar da aka kawo ta. Ta tambaya ko a kanta aka ƙirƙiri hatiminsa. Ya ce ƙwarai. Ya ce mana sai ya ga matar ta ajiye jakarta ta nemi kujera.

Ta yi masa bayani, shi kuma ya yi mana. A cikin kowace kwamfuta akwai ɗan batir kamar maɓallin riga, shi ke riƙe agogo in an kashe wuta. Nasu duka sun mutu tun a sito, kafin a rarraba su. Ita kuwa manhajar da ke ƙirƙirar hatimi, daga agogon take ɗaukar lambar da za ta fara lissafi da ita, da zarar an kunna inji. Masu yin ta sun ɗauka ba yadda za a yi agogo biyu su nuna lokaci ɗaya daidai. To ga injuna da kullum suke farkawa a rana ɗaya, ƙarfe ɗaya. Kowanne ka ce ya ƙirƙiri sabon hatimi, abu ɗaya zai fitar. Kalmar sirrin kuwa faifan Baffa kawai take tsarewa, wanda ya ƙirƙiri nasa sai ya sa tasa. Kamar maƙeri ne ya cika kasuwa da kwado, ashe duk makulli ɗaya ke buɗe su.

Baffa ya ce bai yarda ba. Ta sa aka ɗauko wata kwamfutar da ke ajiye a sito, ta kunna, ta saka sabon faifai fil, ta ƙirƙiri hatimi, ta rubuta saƙo ta buga masa. Ta kawo wa injin Baffa. Injin ya ce hatimin na gaskiya ne, kuma na Baffa ne. Layarsa tana wuyansa ko taɓa ta ba a yi ba. Ya ce ta sake. Ta kashe, ta kunna, ta sake.

Sannan ta ƙara da abin da ya fi wannan ciwo. Ta ce ai wannan aibi sananne ne, masu manhajar sun daɗe da gano shi, sun aika wa duk inda aka kai ta da gyararriya da sababbin batura, suka ce a zubar da tsofaffin hatimai. Ta yi mamakin yadda bai iso Haɗeja ba. Direban ofis yana tsaye a bakin ƙofa, sai ya ce, "Ko kwalin nan ne da na ɗauko wa Manaja daga hedkwata, ana gab da rikicin ruwan Guri?" Aka duba. Kwalin yana ƙarƙashin kabad a ofishin Manaja, an farke shi, an mayar an rufe.

Baffa ya shiga wajen Manaja da kwalin a hannu. Abin da Manaja ya ce masa, Baffa ya maimaita mana shi kalma-kalma: "Malam, abin da ya wuce ya wuce. Da mun ce injin na da aibi a lokacin, da Turawan nan sun janye tallafi, da duk mun rasa aiki. Akawu ɗaya ne ya tafi. Ka yi haƙuri, mu rufa wa juna asiri."

Akawu ɗaya! Mutumin nan ya zauna a kujerar shugaban kwamiti, kwalin yana ƙarƙashin kabad ɗinsa, ya dubi Baffa ya tambaye shi wa ya taɓa riƙe faifan. Har yau ban san hannun da ya buga umarnin nan ba, ko a hedkwata ne ko a ina. Amma na san gonakin da suka yi kore a ranin, kuma na san wanda ya san gaskiya ya yi shiru. Ban yafe ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Da azahar Baffa ya dawo gida a ƙafa, ya manta babur a ofis. Ya zauna a tsakar gida ba hula. Ya ciro layar ya miƙa wa Inna ya ce, "Ga shi, sa a murhu." Bai ƙara komawa ofis ba. Ya je Guri da kansa ya yi bayani, amma wa zai fahimci zancen batir da agogo? Suka saurare shi don girmansa, suka ce Allah ya kyauta.

Bayan 'yan kwanaki ya ce in nemi hutu a makaranta in raka shi kudu. Ƙawata takan aiko mini da gaisuwa ta hannun direbobi, don haka na san garin. Muka kwana a hanya. Muka sami Kawu a bayan gidansa yana shanya citta, ya tsufa, ya rame, gashinsa fari fat. Ya ɗago ya gan mu, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, kai ne? Sannunku da hanya." Ni ya kama hannuna ya ce, "'Yata, sannu da zuwa." Mama ta fito da kuka, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, ta sa aka kama kaza ta ba Baffa wuƙa ya yanka da kansa.

Baffa ya kasa jira a gama girki. Ya fara bayani, batir, agogo, injiniya, kwali, Manaja. Yana yi yana haɗa hannu yana rabawa. Kawu ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba. Da ya zo kan agogon sai ya ɗan yi murmushi ya ce, "Agogon nan mai taurin kai."

Baffa ya ce, "Akawu, ba kai ba ne. An tabbatar. Na zo ka yafe mini."

Kawu ya ce, "Malam, ni ai ban taɓa buƙatar a zo daga Kano a gaya mini ban yi ba." Ya juya wata citta da ke kusa da ƙafarsa. "Na yafe maka tun tuni, don ba zan iya zuwa coci da kai a ƙirjina ba. Amma zan tambaye ka abu ɗaya. Da injin nan bai sake magana ba, da ka zo?"

Na dubi Baffa. A raina ina roƙonsa ya ce i. Kalma ɗaya ce, ba wanda zai kama shi, tsoho ne ya yi doguwar tafiya. Ya sunkuyar da kai.

Ya ce, "A'a. Da ban zo ba."

Kawu ya gyaɗa kai. Ya ce, "To. Na gode da ba ka yi mini ƙarya ba." Ya miƙe da ƙyar, ya ce wa Mama ta hanzarta da abinci, baƙi suna da nisan tafiya. Baffa ya zo da kayan kwana uku a jakarsa. Kawu bai ce mu kwana ba.

Ya raka mu har bakin titi, ya tsayar mana da mota, ya yi mana addu'ar sauka lafiya. Baffa ya leƙo ta taga yana ɗaga hannu, amma Kawu ya riga ya juya. Baffa bai ga wani rani ba bayan wannan.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo maKa. Ka san abin da ya riƙe da gaskiya, Ka san inda ya kasa. Ka yi masa rahama, Ka haskaka kabarinsa, kuma in Ka tashi yi masa hisabi, kada Ka nemi shaidar kowa a kansa.